Harsashina yana sauka ƙasa ta hagu: laifin sabuwar bindigar ne ko na hannuna?

"Assalamu alaikum Baba. Ni jami'in tsaro ne, ina aiki a Marwa, ƙasar Kamaru. Wata biyu ke nan da aka karɓi tsohuwar ƙaramar bindigar da nake riƙewa, aka ba ni sabuwa fil, Glock 17. Sau biyu ina zuwa filin harbi da ita, kuma kowane zuwa harsashina sai ya sauka ƙasa ta hagu, alhali da tsohuwar ban saba ganin haka ba. Mariƙinta ma bai zauna mini a hannu ba. Abokan aikina da suka dawo daga Bangi sun ce in sauya kunama, in ɗora mata saitin nan mai jan ɗigo, komai zai daidaita. Don Allah Baba, ta yaya mutum zai gane ko sabuwar bindiga tana da saiti, kuma cikin kayan ƙarin nan wanne ya cancanci kuɗina?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya tsare ku a bakin aiki. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko bindigar tana kai harsashi inda aka nuna mata, ko ta dace da hannunka, da kuma ko wani abin da za ka saya ka ɗora mata zai gyara abin da kake gani a takardar harbi. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka kwance mata ko da ƙusa ɗaya. Na yi shekaru a ma'ajiyar makamai da filin koyar da harbi kafin in yi ritaya a nan Garwa, kuma ba na iya tuna yawan samarin da suka kawo mini sabuwar bindiga suna cewa karkatacciya ce. Waɗanda bindigar tasu ta fito da aibi na gaske ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran duk hannu ne bai riga ya saba da sabon abu ba. Ba zan yanke hukunci a kan taka daga nesa ba, tunda ban riƙe ta ba, ban kuma ga yadda kake tsayuwa ba. Amma zan nuna maka yadda za ka raba laifin ƙarfe da laifin hannu da kanka, da harsashin da bai wuce hamsin ba.

Abin da ya sauya a hannunka

Ba ka faɗi irin tsohuwar ba, amma mu da muka yi aiki a wannan yanki mafi yawanmu da MAC 50 ta Faransa muka buɗe ido, ko Beretta 92 da 'yar'uwarta PAMAS G1 wadda Faransawa suka ƙera da lasisin Beretta. Duk bindigogi ne masu nauyi, masu guduma a baya da kake gani da idonka. MAC 50 ƙarfe ce zalla, harsashi 9 take ɗauka, kunamarta gajeriyar tafiya take yi ta tashi. Beretta kuwa ba harsashi a cikinta ma ta kusa kilo ɗaya. Nauyin nan yana rufa wa mai harbi asiri. Ko yatsanka ya fizgi kunama kaɗan, ƙarfen ba ya saurin motsawa.

Glock wata halitta ce daban. Gaston Glock ya ƙera ta a Ostiriya, sojojin ƙasar suka karɓe ta a 1982. Gangar jikinta ta roba ce mai tauri, nauyinta wajen giram 700 idan ba harsashi, tana ɗaukar 17. Ba ta da guduma a waje. Jan kunamar ne ke ƙarasa ɗana allurar da ke ciki, mai bugun gindin harsashi, sannan ya sake ta, shi ya sa za ka ji kunamar ta yi tafiya a sake, ta zo ta tsaya kamar ta ci karo da bango, sannan ta karye. Nauyin jan wajen kilo biyu da rabi ne. Yi lissafi: kana danna kilo biyu da rabi da yatsa ɗaya a kan abin da ko an cika shi da harsashi bai kai kilo ɗaya ba. Duk ƙarfin da ya kauce daga miƙaƙƙen layi, bakin bindigar ne zai biya. Ba kai kaɗai wannan sauyi ya samu ba. Rundunar sojin Faransa ma a 2020 ta zaɓi Glock 17 ta maye gurbin MAC 50 da PAMAS, kuma duk wanda ya yi irin wannan ƙaura sai ya sake koyon yatsansa.

Ƙasa ta hagu kuwa, ga mai harbi da hannun dama, tsohon ciwo ne da kowane malamin harbi ya sani. Abu biyu ke haɗuwa. Na farko, jiki ya san ƙara da shuri suna tafe, sai hannu ya riga su, ya danna bakin bindigar ƙasa daidai lokacin da harsashi zai fita. Na biyu, sa'ad da manuniya ke jan kunama, sauran yatsun uku sai su matse tare da ita, su juya bindigar hagu. Bahago kuma nasa ƙasa ta dama yake sauka. Mutum ba ya jin yana yi, don shurin bindigar yana binne motsin.

Akwai wani yaro da na koyar, ƙaƙƙarfa ne, ya rantse mini saitin bindigarsa a karkace yake. Na karɓi gidan harsashinsa na juya baya, na cusa harsashin koyo guda ɗaya, irin marar albarushi, a tsakiyar na gaske, na miƙa masa. Ya harba na farko, na biyu, na uku. A na huɗu sai aka ji ƙyas kawai, babu ƙara, amma bakin bindigar ya nutsa ƙasa kamar kaza ta kai baki tsaba. Kowa a layin ya gani, shi ma ya gani. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Daga ranar ban sake yi masa bayani ba, gani ya kori ji. Ka sa abokin aikinka ya yi maka wannan gwajin, shi zai loda maka ba tare da ka ga inda ya sa marar albarushin ba. Ina kyautata zaton rabin tambayarka za ta amsu a nan.

Yadda ake gwada saitin bindiga

Abu biyu ne mutane ke haɗawa su kira saiti. Akwai taruwar harsasai wuri ɗaya, akwai kuma inda suka taru ɗin. Bindigar da ta zuba biyar a wurin da tafin hannu zai rufe, amma can gefe da tsakiya, lafiyarta ƙalau, saitin kawai za a matsar. Wadda ta watsa su kamar an yi shukar yafi, ita ce ake bincika. Saboda haka taruwa ake fara nema, tsakiya ta biyo baya.

Kafin komai ka share ta, ka duba bututun ba abin da ya toshe shi. Ka nemi harsashi iri ɗaya, na kamfani ɗaya, daga kwali ɗaya in da hali. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Harsashin 9×19 da kake amfani da shi yana zuwa da nauyi iri-iri, akwai mai giram 7.5, akwai mai 8, akwai mai 9.5, kuma kowanne da inda yake sauka. Sau da yawa mai nauyin yakan ɗan hau sama a kan marar nauyin. In ka cakuɗa su ka harba, takardar ba za ta gaya maka komai ba. Ka kuma karanta abin da ke rubuce a gindin kwanso. Akwai 9×18 na Makarov, akwai 9×17, duk ana ce musu tara, amma ba na bindigarka ba ne, kada su kusance ta.

Ka je da sassafe kafin rana ta ɗaga, kafin iska ta taso. Ka zauna a kujera, ka ɗora hannayenka biyu a kan buhun yashi bisa tebur, wuyan hannu da gindin tafi su huta a kan buhun. Kada ka jingina kulas, wato ƙarfen saman nan mai ja da baya ya dawo, a kan wani abu mai tauri. Fara da mita 10. Ka zana ɗan baƙin ɗigo a farar takarda, ka nuna wuri ɗaya kowane harbi, kada ka bi ramin da ya gabata kana gyara. Idonka a kan saitin gaba, wato ɗan tsinin da ke saman bakin bindiga, takardar ta ɗan dushe, ba laifi. Harba biyar a natse, ka huta, ka sauya takarda, ka sake biyar, har sau uku. Sannan ka koma mita 25 ka maimaita. Kowace takarda ka auna tazarar ramuka biyu da suka fi nisa da juna, ka rubuta kwanan wata, nisa, da irin harsashi a jikinta. Takarda ɗaya ba ta isa shaida ba, don sa'a takan tara biyar wuri ɗaya, tsautsayi kuma yakan watsa su.

A abin da na saba gani, bindigar aiki mai lafiya da harsashi mai kyau, a kan buhun yashi, ba ta wuce faɗin tafin hannu a mita 25. In a kan buhu ta taru a tsakiya, a tsaye kuma ta koma ƙasa ta hagu, magana ta ƙare, aikin na hannunka ne. In ko a kan buhun ma tana can gefe, to ka ba wanda ya fi kowa iya harbi a cikinku ya gwada, in da bahago shi ma ya gwada. Sai mutum uku sun sami karkata iri ɗaya sannan a taɓa saiti.

Bari in ba ka wani ɗan lissafi da zai sa ka girmama saitin gaba. Tazarar saitin baya da na gaba a Glock 17 wajen milimita 165 ce. Idan saitin gaba ya kauce daga tsakiyar tsagar baya da milimita ɗaya tak, kaurin da bai fi na farce ba, a mita 10 harsashi zai kauce da santimita 6, a mita 25 kuwa da santimita 15. Wannan lissafin ne kuma ake bi wajen gyara. Idan taruwarka ta tsaya santimita 7 da rabi hagu a mita 25, rabin milimita kawai za a tura saitin baya zuwa dama, domin saitin baya ana tura shi ne ɓangaren da ake so harsashi ya koma. Sama da ƙasa kuma sai an sauya saitin baya da wani mai tsayi daban, kamfanin yana yin su tsayi-tsayi. Aikin mai kula da makamai ne da ɗan injin turawa. Saitin da Glock ke fitowa da shi na roba ne, guduma da ƙusa suna lalata shi.

Ta tashi tukuna

Akwai abin da ban ga ka tambaya ba, alhali a wurina shi ne kan gaba. Bindigar da ke tara harsashi a rami ɗaya amma takan sarƙe sau ɗaya a gidan harsashi guda, ba ta da amfani ga mai fita sintiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk gidajen harsashin da aka ba ka, ka sa musu lamba a gindi, ka harba kowanne a cike har ya ƙare, ka ga ko kulas yana tsayawa a baya bayan na ƙarshe. Idan ta sarƙe, ka rubuta lambar gidan da irin sarƙewar. Mafi yawan sarƙewar da na bincika a rayuwata, gidan harsashi ne, ko leɓensa ya buɗe don an yar da shi a kan siminti, ko sifirinsa ya gaji, ko yashi ya shiga. Bayan shi sai tsohon harsashi da ya sha zafi da laima. Akwai kuma sakin wuyan hannu: bindiga marar nauyi tana bukatar hannu ya tsaya mata ƙyam domin kulas ya kai ƙarshen tafiyarsa, in ba haka ba sai kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita.

Wani abu kuma da nake so ya zauna maka a rai. Idan ka ja kunama ka ji ƙara ta fito a raunane, shurin bai kai yadda ka saba ba, tsaya nan take. Kada ka sake harbawa. Yana yiwuwa harsashin ya tsaya a cikin bututu, na biyun da zai same shi zai iya fasa bindigar a hannunka. Cire gidan harsashi, ka tabbatar ba komai a ciki, a kwance ta a leƙa bututun.

Mu nan ƙura ce babbar abokiyar gaba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauko da hazonsa, mutum ya yi yini ɗaya a kan babur a hanyar Mora ko Kuseri, har cikin kunnensa sai ya share. Bindiga ma haka. An taɓa kawo mini wata da mai ita ya yi mata wanka da baƙin man inji don yana ganin gata ya yi mata. Da na cire kulas, abin da na tarar a kan layukan ya yi kauri kamar kunun kanwa da ya kwana, ja-ja, yana kama yatsa, allurar ma da ƙyar take motsi a raminta. Glock ɗigon mai kaɗan take so a kan layukan kulas da bayan bututu da 'yan wuraren da littafinta ya nuna. Ramin allura kuwa a bushe ake barinsa, haka cikin gidan harsashi. A lokacin ƙura gara ka goge ta kullum da busasshen tsumma da tsohon buroshi, da ka ƙara mata mai. Da damina kuma gumi da laima ne ke cin ƙarfe, sai a riƙa shafa mata tsumma mai ɗan maiƙo a waje.

Zaman mariƙi a hannu

Ka ce mariƙin bai zauna maka ba, kuma na yarda da kai. Mariƙin Glock ya fi na yawancin bindigogi kwanciya baya, ga shi da kusurwa kamar bulo saboda harsasan jere biyu suke a ciki. Wanda ya saba da wata, in ya ɗaga ta sai ya ga bakinta ya kalli sama kaɗan. Gwada wannan a ɗaki, bayan ka cire gidan harsashi, ka ja kulas ka duba da ido, ka taɓa da yatsa, ka kuma fitar da duk harsashi daga ɗakin. Ka fuskanci bango mai kauri wanda ba kowa a bayansa, ka zaɓi wani tabo, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar, ka buɗe. Inda saitin ya tsaya shi ne inda hannunka ke kai ta da kansa. Kwana goma na maimaita wannan yana gyara shi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne isar yatsa. Ka riƙe ta yadda bututun zai yi layi ɗaya da ƙashin damtsenka, tsakanin babban yatsa da manuniya ya hau can sama ya cike gurbin da ke ƙarƙashin kulas. A haka, tsokar gaɓar farko ta manuniya ta kwanta a fuskar kunama sosai, har ta danne ɗan harshen da ke tsakiyarta, kuma sauran yatsan kada ya goga jikin bindigar. In sai ka murɗa hannu kafin ka isa kunama, mariƙin ya yi maka girma, kuma wannan kaɗai yana tura harsashi hagu. Samfurin Gen4 da ya fito a 2010 da Gen5 na 2017 suna zuwa da ƙarin bayan mariƙi da ake ɗorawa a cire. Duba ko an ɗora wa taka, in hannunka ƙarami ne a cire shi. Gen5 ɗin ma an share mata gurabun yatsu na gaba da suka dami mutane da yawa. Maɓallin sakin gidan harsashi kuma ana iya juya shi ya koma ɗaya gefen saboda bahago. Duk wannan kayan kamfani ne, a cikin akwatinta suke, ba sisin da za ka kashe.

Sai hannun hagu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma samari da yawa hannun hagun nasu rakiya kawai yake yi. Gindin tafinsa ya cike duk filin da hannun dama ya bari a jikin mariƙi, yatsunsa su naɗe na dama, manyan yatsu biyu su kalli gaba. Shi zai matse da ƙarfi. In hagu ya riƙe, sai dama ta sami sararin sassautawa, manuniya ta yi aikinta ita kaɗai. Ka ɗora kwanso marar komai a kan kulas kusa da saitin gaba, ka ja kunama a hankali har ta karye ba tare da ya faɗo ba. Minti goma kullum, bindiga ba harsashi, ya fi maka kwali guda da za ka ƙona a wata. Ka kuma toshe kunne da kyau a filin harbi. Ƙarar 9×19 tana kai wajen desibel 160, tana cin ji a hankali, kuma ita ce ke koya wa jiki zabura tun farko.

Kayan ƙari

Kafin a zo ga wanne ya fi, akwai maganar da ba zan tsallake ba. Bindigar nan ba taka ba ce, ta hukuma ce, da lambarta a rajista. Ba ka da hurumin sauya mata komai sai da izinin shugabanninka, kuma ta hannun mai kula da makamai. Ko farar hula mai takardar izini ma ba sakaka yake ba. Dokar Kamaru mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 ita ke tsara saye da shigowa da riƙe makamai da harsasai. Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, wadda Kamaru da Chadi duk suke ciki kuma ta fara aiki a 2017, ba bindiga da harsashi kawai ta shafa ba, har da sassan da ake gyara su ko haɗa su da su. Saboda haka kada ka ba wani ɗan tireda saƙon ƙarfen bindiga daga Dubai kamar saƙon murfin waya. Ranar da Allah ya kawo abin da ya sa ka harba a bakin aiki, bindigar za a fara karɓa a bincika, kuma duk abin da aka tarar ba na asali ba, kai za ka amsa shi.

Kunama ita ce wadda nake roƙonka ka bari. Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa. Tsaronta uku ne kuma duk a jikin tafiyar kunama suke: ɗan harshen nan na tsakiya, wani ƙarfe da ke tare allura sai an ja kunama, da wanda ke hana ta tashi in ta faɗi ƙasa. Duk wanda ya rage tafiyar ko ya sassauta nauyin ba da sani ba, da waɗannan yake wasa. An taɓa kawo mini wata bindiga da wani mai gyara a gari ya yi wa kunamarta aiki don ta yi laushi. Ta yi laushin. Da na gwada ta ba harsashi, na ɗan buga gindin mariƙin a kan tebur, sai na ji allurar ta saki da kanta. Mai ita yana yawo da ita a ƙugu, yana shiga gida cikin 'ya'yansa. Har yau in na tuna gabana yana faɗuwa. Kunama mai laushi ta 'yan gasar harbi ce, masu harbin takarda a natse. Kai kuwa za ka iya zare ta da dare, zuciya tana bugawa, yatsu sun yi nauyi, mutumin da ke gabanka wataƙila ma bai kamata a harbe shi ba. Nauyin nan na kilo biyu da rabi kariya ce gare shi da gare ka. Ba kuma zai warkar da ƙasa ta hagu ba, ɓoye ta kawai zai yi na ɗan lokaci.

Saitin jan ɗigo kuwa abokanka ba su yi ƙarya ba, abu ne mai kyau. Ido yana kallon abin da ake nufi, ɗigon yana bisa kansa, ba sai an jera abu uku ba. Ga wanda idonsa ya fara gajiya da ganin kusa, taimako ne babba, kuma a nesa yana ƙara taruwa. Yana da wani amfanin ma ga mai koyo, domin duk rawar da hannu ya yi sai ɗigon ya nuna ta. Sai dai ni a ƙarshen aikina na same shi, ban yi shekaru da shi a daji kamar yadda na yi da saitin ƙarfe ba, don haka ka haɗa maganata da ta waɗanda suka yi sintiri da shi. Abin da na gani shi ne, yana son kulas da aka yanka masa gurbi tun daga kamfani, irin wanda Glock ke kira MOS, yana son batir, yana son kuben da aka yi dominsa, yana kuma son harbi mai yawa kafin ido ya riƙa samun ɗigon nan take. Ga ƙurarmu kuma, akwai bambanci tsakanin mai buɗaɗɗen baya irin Trijicon RMR, wanda ƙasa ko ɗigon ruwa kan iya rufe inda hasken ke fitowa, da rufaffe irin Aimpoint ACRO. Na arha da ake sayarwa barkatai, bugun kulas yana kashe su ko ya kwance saitinsu. In rundunarku ba ta ba da shi da horonsa ba, ka haƙura tukuna.

In za a ba ka izinin abu ɗaya, ka nemi saitin ƙarfe a madadin na roba, musamman mai ƙyallin dare. Wani sinadari ne a cikinsa, tiritiyom, yana haske da kansa ba batir, haskensa yana raguwa da rabi a cikin shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka a duba shekarar da aka yi shi. Fitilar da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bututu tana da amfani wajen tantance abin da ke gabanka, amma ka tuna duk abin da ka haska da ita ka nuna masa bakin bindiga. Tocila daban a hannu ita ce ta neman hanya da duba fuskar mutane. Sauya bututu, sauya sifiri da wani mai nauyi daban, dogon gidan harsashi na kamfanin da ba a sani ba, duk ban ga abin da za su ƙara maka ba sai sarƙewa. Sifirin mayar da kulas dai yana gajiya bayan dubban harbi, a sauya shi da na asali in lokacinsa ya yi.

Inda kuɗinka zai yi aiki shi ne kube. Na yadi mai laushi da ake ɗinkawa a kasuwa yana lanƙwashewa, bakinsa ko igiyar riga ta shiga gaban kunama lokacin mayar da bindiga, kuma a nan ne mutane ke harbin cinyarsu. Ka nemi mai tauri wanda aka yi wa Glock 17 musamman, ya rufe kunama ruf, ya riƙe ta ko ka yi gudu ko an yi kokawa, a kan ɗamara mai ƙarfi. Ka riƙa kallon kuben da idonka duk lokacin da za ka mayar, yatsa a miƙe a jikin bindiga, ba gaggawa. Sai akwatin ƙarfe mai kwaɗo a gida in ana barinku ku kwana da ita, harsashi a wani wurin daban, mabuɗi a jikinka. Ƙarƙashin matashi da saman kwaba ba maɓoya ba ce, yaran gida sun fi ka sanin ɗakinka.

Ka yi mako biyu kana jan kunama a bushe da kwanso a kan kulas, sannan ka je filin da buhun yashi da abokin da zai ɓoye maka harsashin koyo. Takardu shida nake so, uku na mita 10, uku na mita 25, kowace da awonta a rubuce, da wasu biyu da ka harba a tsaye. Ka ɗauki hotonsu, ka haɗa da hoton hannunka riƙe da bindigar ba harsashi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ka turo mini. In kuma hanya ta biyo da kai Garwa, ka zo da takardun mu duba tare.